Kundin Aikin Rumbun Bayanan Ƙungiyar Manoma: Daga Zanen Dangantaka Zuwa Jadawalai

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Zanen dangantakar bayanan da za a gina rumbun a kansa ya kammala, kuma shugabannin ƙungiyar sun amince da shi. Ƙungiyar ta manoma ce masu noman rani da damina a yankin Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga yake ratsa gonaki, kuma mambobinta sun fito ne daga ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam. Tana ba su taki da iri da maganin feshi bashi a farkon zangon noma, su biya bayan girbi da kuɗi ko da hatsi. Har zuwa yanzu duk lissafin yana cikin manyan littattafan ma'aji ne da wasu fayilolin Excel na sakatare.

Na bi salon zanen da Peter Chen ya gabatar a 1976, inda ake sa kowane abu mai zaman kansa a cikin akwati, a sa dangantakar da ke tsakanin abubuwa a cikin siffar lu'ulu'u, sannan a rataya wa kowanne siffofinsa. Akwatuna takwas ne a zanen: mamba, rukuni, gona, zango, amfanin gona, kaya, rance da biya. Abin da ke gabana yanzu shi ne mayar da su jadawalai bisa tsarin da E. F. Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa a 1970, wanda bai san akwati ko layin zane ba, iyakarsa jadawali da ginshiƙansa da makullan da ke ɗaure wannan jadawali da wancan. Zan yi aikin a PostgreSQL, manhajar sarrafa rumbun bayanai, kuma na yanke cewa sunayen jadawalai da ginshiƙai ba za su ɗauki haruffa masu lanƙwasa ba, domin duk wanda ya gaji aikin ya iya rubuta su da kowace irin kwamfuta. Bayanan da ke ciki kuwa dole su ɗauke su.

Laraba, 8 ga Janairu

Na fara da abubuwa masu zaman kansu, kasancewar ƙa'idarsu ba ta da gardama: kowane akwati ya zama jadawali, kowace siffa ta zama ginshiƙi, siffar da ke bambanta wannan layi da wancan kuma ta zama babban makulli. Jadawalan kaya, gona, zango da amfanin gona sun fita ba tare da wata matsala ba.

Makullin mamba ne ya ja magana. Sakatare ya so a yi amfani da lambar shaidar ɗan ƙasa mai lambobi 11, tun da ba a samun mutum biyu da lamba ɗaya. Ban yarda ba, saboda babban makulli ba ya zama fanko, alhali akwai dattawan da ba su kawo tasu lambar ba tukuna. Bayan haka, babban makulli yana yawo a duk jadawalin da ke nuni ga mamba, wanda ke nufin lambar sirrin mutum za ta bazu a rance da biya da noma, ta kuma fito a rahotannin da ake bugawa a takarda, abin da bai dace da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ba. Saboda haka kwamfuta za ta ba kowane mamba lamba ta jeri, lambar shaidar kuma ta zauna a ginshiƙi guda mai sharaɗin UNIQUE, wanda ke hana maimaici. PostgreSQL yana barin layuka da dama su kasance fanko a irin wannan ginshiƙi ba tare da ya ɗauke su a matsayin maimaici ba, wanda shi ne ainihin abin da ake bukata a nan.

Suna a zanen siffa ce mai rassa, don haka na raba ta gida huɗu: sunan mutum, na uba, na kaka, da laƙabi. Laƙabin ba ado ba ne. A littafin ma'aji akwai masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya a ƙauye ɗaya, kuma laƙabi ne kaɗai yake raba su.

Asabar, 11 ga Janairu

Adireshi ma siffa ce mai rassa: ƙauye, mazaɓa, ƙaramar hukuma. In an bi ƙa'ida kai-tsaye, ginshiƙai uku za su shiga jadawalin mamba. Sai dai ƙauye ne yake tabbatar da mazaɓa, mazaɓa kuma ta tabbatar da ƙaramar hukuma, don haka maimaita su a layin kowane mamba zai buɗe ƙofar a ga ƙauye ɗaya a ƙarƙashin mazaɓu biyu saboda kuskuren mai shigarwa. Wannan shi ne abin da mataki na uku na daidaita jadawalai, wato ƙa'idojin kauce wa maimaita bayani, yake hanawa. Na fitar da jadawalai uku daban, mamba ya riƙe lambar ƙauye kawai. Sunan ƙauye ba zai zama makulli ba, domin Sabon Gari da Tudun Wada ba su da iyaka a ƙasar Hausa.

Talata, 14 ga Janairu

Lambobin waya sun samu jadawalinsu, tun da mamba ɗaya yana iya riƙe layi fiye da ɗaya. Makullinsa haɗin lambar mamba ne da lambar wayar, kuma ginshiƙin na rubutu ne domin kada sifilin farko ya ɓace. Ragowar bashi, wanda na zana a matsayin siffar da ake lissafowa, bai samu ginshiƙi ba. Za a riƙa fitar da shi daga jimlar rance da jimlar biya duk lokacin da aka nema.

Asabar, 18 ga Janairu

Dangantakar ɗaya da masu yawa ita ma ƙa'idarta a fili take: makullin ɓangaren ɗaya yana shiga jadawalin ɓangaren masu yawa a matsayin baƙon makulli. Rance ya ɗauki lambar mamba da lambar zango, mamba ya ɗauki lambar rukuni. Inda zanen ya nuna da layi biyu cewa shiga dangantakar wajibi ne, na sa NOT NULL, sharaɗin da ke hana barin gurbin fanko.

Cikas ya zo ta wajen shugabancin rukuni. Kowane mamba dole ya kasance cikin rukuni, kowane rukuni kuma dole ya kasance da shugaba, wanda shi ma mamba ne. A takarda layuka biyu ne kawai tsakanin akwatuna biyu, amma a jadawali kowanne yana jiran ɗan'uwansa: ba a iya shigar da rukuni sai da shugabansa, ba a kuma iya shigar da shugaban sai da rukuninsa. Ko ƙirƙirar jadawalan bai yiwu a jere ba, sai da na gina su babu ɗaurin, sannan na ƙara shi da ALTER TABLE. Don shigar da bayanai kuwa, na ayyana baƙon makullin shugaba da DEFERRABLE INITIALLY DEFERRED, ta yadda ba za a bincika shi ba sai a ƙarshen ma'amala, wato jerin umarnin da ake zartarwa a dunƙule, bayan layukan biyu sun shiga. Na kuma sa wa ginshiƙin UNIQUE, domin dangantakar ta ɗaya da ɗaya ce, mutum ba ya shugabantar rukuni biyu.

Litinin, 20 ga Janairu

Babu wuta tun jiya. Na yi bitar zanen a takarda, na sa alama a kan dangantakokin da suka rage.

Alhamis, 23 ga Janairu

Tsakanin rance da kaya dangantakar masu yawa ce da masu yawa, domin rance ɗaya yana iya ƙunsar buhunan NPK 15-15-15 da yuriya da irin shinkafa, kowane kaya kuma yana fitowa a rancen mutane da dama. Irin wannan ba ta shiga ɗayan jadawalan biyu, sai an gina mata na uku. Na kira shi layin rance, makullinsa haɗin lambar rance da lambar kaya, kuma siffofin dangantakar, wato adadi da farashi, a cikinsa suke zama.

Batun farashi ya cancanci a rubuta shi dalla-dalla. Jadawalin kaya yana da farashin yau, wanda sakatare zai riƙa sauyawa. Da a ce daga can ake lissafa bashi, to ranar da taki ya tashi, bashin wanda ya karɓa tun watannin baya shi ma zai tashi ba tare da kowa ya taɓa layinsa ba. Farashin da aka ba manomi siffa ce ta dangantakar, ba ta kayan ba, shi ya sa yake da ginshiƙinsa a layin rance. Mai kallo zai iya ɗauka maimaici ne, amma bayanai biyu ne daban. Duk ginshiƙan kuɗi na sa su NUMERIC mai gurbi biyu na kwabo, saboda nau'in lambobi masu yawo da ɗigo ba ya riƙe kashi ɗaya bisa goma daidai, kuma ma'aji ba zai karɓi jimlar da ta saɓa wa littafinsa ko da kwabo ɗaya ba.

Biya abu ne mai jingina: ba shi da ma'ana sai da rancen da ake biya. Makullinsa haɗin lambar rance ne da lambar zubi, na farko, na biyu, har a gama. Abin da aka saba koyarwa shi ne a sa ON DELETE CASCADE, domin in mai gida ya tafi, mai jingina ya bi shi. Na yi hakan a lambobin waya da layin rance, amma a biya na sa RESTRICT, wanda ke hana goge rance muddin yana da biya. Shaidar cewa manomi ya kawo kuɗinsa ba abin da za a bari ya goge ba ne don wani ya danna maɓalli a kan rance.

Litinin, 27 ga Janairu

Na ƙara jadawalin ma'auni saboda masu biya da hatsi. Buhun shanshera da buhun masara nauyinsu ba ɗaya ba ne, tiya ma tana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka kowane biya na hatsi zai riƙe ma'auninsa da nauyin da sikeli ya nuna da ƙimar da aka yi masa a ranar.

Alhamis, 30 ga Janairu

Dangantakar noma ta haɗa abubuwa uku: mamba, gona da zango. Dalilin haka shi ne gona ba ta tsayawa a hannun mutum ɗaya. Ana ba da haya, ana ba da aro, ana jingina, kuma wanda ya noma ta da rani ba lallai ne shi zai noma ta da damina ba.

Wani abokin aiki da ya duba zanen ya ba da shawarar a raba ta zuwa jadawalai uku masu ɗauke da biyu-biyu, wato mamba da gona, mamba da zango, gona da zango, yana ganin hakan zai fi sauƙin sarrafawa. Na gwada da ƙaramin misali. Manomi na farko ya noma gona mai lamba 12 a ranin 2024, ya noma mai lamba 30 a daminar 2024. Manomi na biyu shi ya karɓi gona ta 12 a daminar. Da na sake haɗa jadawalan uku, sai layi na huɗu ya fito wanda ba a taɓa shigar da shi ba, yana cewa manomi na farko ya noma gona ta 12 da damina. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba: an rubuta cewa ya taɓa noma gonar, an rubuta cewa ya yi noman damina, an kuma rubuta cewa an noma gonar da damina. Duka gaskiya ne, amma haɗuwarsu ƙarya ce. Irin wannan rabo ba ya halatta sai inda haɗuwar biyu-biyun take tilasta ta ukun, wanda shi ne batun mataki na biyar na daidaitawa da Ronald Fagin ya bayyana a 1979. A wajenmu ba haka abin yake ba, kuma illar ba ƙarama ba ce, domin da yawan gonar da mutum ya noma ake auna takin da za a ba shi. Jadawali ɗaya ya tsaya, mai baƙin makullai uku.

Saura tambayar waɗanne ne daga cikinsu za su zama babban makulli. In gona ɗaya mutum ɗaya ne yake noma ta a zango, to gona da zango sun isa. Zanen bai iya amsa wannan ba, sai na je wajen ma'aji. Na ce, "Baba, ana samun mutum biyu a gona ɗaya a zango ɗaya?" Ya ce, "Ɗana, gonar gandu fa? 'Yan'uwa uku suna noma ta, kowa da littafinsa a wajenmu, kowa da bashinsa." Ke nan makullin dole ya ƙunshi duka ukun, jadawalin kuma ya samu ginshiƙin kason kowa. Haka kuma, tun da ana haɗa tumatir da albasa ko masara a gona ɗaya, abin da aka shuka ya koma jadawalin shuka, mai nuni ga layin noma da amfanin gona. Domin kada makullai uku su riƙa bin sa, na ba noma lamba ta jeri, na bar haɗin ukun a matsayin UNIQUE.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mamba iri biyu ne: mutum ɗaya, ko gungu, kamar na mata masu turara shinkafa da ke karɓar rance da suna ɗaya. Hanyoyi uku ne a gabana. Jadawali ɗaya mai ɗauke da siffofin duka biyun zai cika da gurabe fanko, kuma ba zan iya wajabta sunan uba ba tun da gungu ba shi da uba. Jadawalai biyu masu cin gashin kansu kuwa za su bar rance bai san wanda zai yi nuni gare shi ba. Na ɗauki ta uku: jadawalin mamba ya riƙe abin da suka yi tarayya a kai, mutum da gungu kowanne ya riƙe nasa, duka da lamba ɗaya. Sunaye da lambar shaida sun koma jadawalin mutum.

Ƙa'idar ita ce mamba ba ya zama mutum kuma gungu a lokaci guda, amma makullai kaɗai ba su hana hakan. Dabarar ita ce ginshiƙin nau'i a jadawalin mamba, da UNIQUE a kan haɗin lamba da nau'i, sannan kowane ƙaramin jadawali ya maimaita nau'in tare da sharaɗin bincike na CHECK mai kafe shi a kan ƙima ɗaya, ya yi nuni da ginshiƙan biyu tare.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Masu tsayawa sun cinye mini wannan makon. Dokar ƙungiya ta ce rance ba ya fita sai mamba biyu sun tsaya wa mai karɓa, don haka na fara da ginshiƙai biyu a jadawalin rance, duka wajibi, da CHECK mai tabbatar da cewa sun bambanta da juna da kuma mai karɓa. Tsari ne mai tsabta. A zaman kwamiti na Laraba ne aka bayyana cewa babban rance yana bukatar mutum uku, gungu kuma ba ya bukatar kowa saboda 'ya'yansa ne suke lamunce wa juna. Ginshiƙai biyu ba za su ɗauki wannan ba, sai jadawalin tsayawa mai haɗa rance da mamba.

Da wannan sauyi sai sharaɗin ya kuɓuce. Baƙon makulli yana tabbatar da cewa kowane mai tsayawa yana da rancen da ya tsaya wa, amma ba ya iya tabbatar da cewa kowane rance yana da aƙalla mutum biyu. A zane lamba ce guda da ake rubutawa a gefen layi. A jadawali babu gurbinta. Ƙa'idar SQL, harshen ba rumbun bayanai umarni, ta 1992 ta tanadi CREATE ASSERTION don irin wannan, sai dai PostgreSQL da MySQL da SQLite duk ba su aiwatar da shi ba, kuma CHECK a PostgreSQL ba ya leƙa wani jadawali. Abin da ya rage shi ne CONSTRAINT TRIGGER, wato mai binciken da ke tashi da kansa idan an taɓa jadawali, mai jinkiri zuwa ƙarshen ma'amala, wanda zai ƙirga masu tsayawa, ya kuma duba ko mai karɓa bai tsaya wa kansa ba. Na ɗora shi a kan shigar da rance da kuma cire mai tsayawa, domin in an bar na biyun, ana iya cika sharaɗin yau a warware shi gobe.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Shugaba ya tambaya ko za a iya amfani da SQLite, tun da fayil ɗaya ne da ake kwafa a filashi, ofishin kuma ba shi da intanet mai ɗorewa. Na gwada. Na goge wani mamban gwaji mai rance, umarnin ya wuce lafiya, rancen ya zauna yana nuni ga wanda babu shi. SQLite yana karɓar bayanin baƙon makulli, amma ba ya tilasta shi sai an ba da umarnin PRAGMA foreign_keys = ON a kowane sabon haɗi da rumbun. Haka nan ya karɓi rubutu a ginshiƙin lambobi, sai dai in an ayyana jadawalin da STRICT, wanda ya zo a siga ta 3.37 a 2021. Waɗannan biyun suna da magani. Wanda ba shi da magani mai sauƙi shi ne sharaɗin masu tsayawa, domin SQLite ba shi da mai bincike mai jinkiri irin wanda na rubuta ranar Asabar. An tsaya a kan PostgreSQL a kwamfutar ofis, wanda shi ma ba ya bukatar intanet.

Litinin, 17 ga Fabrairu

An fara kwaso bayanan sakatare. Fayil na farko ya zo da alamar tambaya a gurbin kowane ƙ da ɗ da ɓ, saboda an adana shi a tsohon tsarin CSV. Da aka sake adanawa a CSV UTF-8 haruffan suka dawo. Lambobin waya da dama sun rasa sifilinsu tun a Excel, na mayar musu ta hanyar duba masu lambobi 10.

Makullan sun ƙi karɓar layuka masu yawa, kuma na zuba su a jadawalin wucin gadi maimakon in sassauta sharuɗɗan. Akwai biyan da ba a san rancensa ba, akwai ƙauyen da aka rubuta da k a nan, da ƙ a can, akwai tsofaffin rance masu mai tsayawa ɗaya. Na buga jerin na ba ma'aji ya gwada da littattafansa. Wajen jera sunaye na sa tsarin Hausa na ICU, manhajar jera haruffan harsuna, wanda PostgreSQL ya fara tallafa wa tun siga ta 10 a 2017, domin masu farawa da Ƙ su biyo bayan masu K.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Akwatuna takwas sun zama jadawalai 19. Manhajojin duk kyauta ne. Abin da aka kashe zuwa yau shi ne naira 9,000 na data, 12,000 na man janareta, 3,500 na buga zane da jerin gyare-gyare, da 6,000 na filashi don ajiyar kwafi.

Ma'aji ya warware mafi yawan biyan da suka rasa rancensu. Tsofaffin rance masu mai tsayawa ɗaya suna jiran hukuncin kwamiti: ko a nemo na biyu, ko a sa ranar da sharaɗin zai fara aiki, wanda zai bukaci ƙaramin gyara a mai binciken. Kafin azumi ina so in sa fihirisa mai saurin nemo layuka a kan baƙin makullai, tun da PostgreSQL ba ya yi musu da kansa kamar yadda yake yi wa babban makulli, in kuma rubuta tambayar ragowar bashi in gwada sakamakonta da littafin ma'aji rukuni-rukuni. Bayan sallah za a fara shafin shigar da bayanai, domin sakatare ya saba da shi kafin rabon takin damina. Zanen bango ma yana bukatar sabuntawa, domin har yanzu bai nuna gungu da shuka da tsayawa ba.